Kaushin murya a waƙar tsuntsu: daga ina yake fitowa?

Ummi: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malamanmu na kimiyya. Tsuntsaye masu waƙa an san su da siririyar murya mai tsabta. To amma in ka kasa kunne da kyau, a tsakiyar waƙar sai ka ji wani "carrr" ko "kzzz" mai kaushi kamar murya ta dishe, nan take kuma ta koma garau. Na kuma karanta cewa hankaka ma a dangin masu waƙa masana suka sa shi. Da me suke yin wannan kaushin? Wurin da ke fitar da zazzaƙar muryar ne, ko wani wuri ne daban?

Nura: Hankaka a layin mawaƙa? To ni ma a rubuta sunana. 😂

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Nura, dariya kake amma haka abin yake. Ba daɗin murya aka duba ba, ginin na'urar muryar da dangantakar jini aka duba.

Mu a maƙogwaro muryarmu take. Tsuntsu ma yana da maƙogwaro a sama, sai dai aikinsa tsaron ƙofar numfashi ne, ba ya fitar da murya. Tasa muryar can cikin ƙirji take, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zai shiga huhun dama da na hagu. Sunan wurin sirinkis. A masu waƙa, kowane reshe yana da 'yan leɓɓa biyu na nama mai laushi suna fuskantar juna, da tsokokinsa, da jijiyarsa daga ƙwaƙwalwa. Wato bakin murya biyu ne a ƙirji ɗaya. A ƙananan tsuntsaye faɗin abin duka 'yan milimita ne. Yana zaune ne cikin wata jakar iska, kuma in jakar ta huje muryar ɗaukewa take sai ramin ya toshe.

An daɗe ana zaton wani siririn tantani ne a gefen ciki ke kaɗawa. A 1997 Franz Goller da Ole Larsen suka zura siririyar kyamara ta bututun iska, suka ga leɓɓan ne ke matsowa tsakiya suna kaɗawa. Suka lalata tantanin da ake zargi, waƙar ba ta wani canja ba. Amsar tambayarki ta farko ke nan: wuri ɗaya ne, da zaƙin da kaushin duk daga leɓɓan nan suke.

Nura: Dakta, ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi. Ni ma in na ce "shhh" ai hayaniya ce ke fita, ba abin da ke kaɗawa. Iska ce ke matsewa ta ƙaramar kafa ta hargitse. Tsuntsun ya buɗe leɓɓan, iska ta tsere, shi ke nan.

Malam Habibu: Nura, gwada wannan kafin ka yanke hukunci. Hura balan-balan, ka kama wuyansa ta gefe biyu ka ja, ka bar iska tana fita. Za ka ji tsuwa siririya. Riƙa sassauta jan kaɗan-kaɗan. Akwai inda za ka kai, ba tare da ka yi wani babban motsi ba, sautin ya faɗo farat ɗaya ya yi kauri. Ƙara kaɗan, ya dagule ya koma "prrrt" mara kan gado. Hannunka a hankali ya tafi, sautin kuwa tsalle ya yi. Robar ce ta sauya salon kaɗawa.

Leɓɓan tsuntsu haka suke. Iska ta ture su su buɗe, taurinsu da raguwar matsi a tsakaninsu su maido su su rufe, sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan ɗaya. Muddin kowane zagaye ya yi daidai da wanda ya gabace shi, murya mai tsabta kunne zai ji. In aka ƙara matsin iska ko aka sauya tauri har aka ƙetare wata iyaka, sai zagayen ya koma babba, ƙarami, babba, ƙarami. Yanzu sai an yi biyu kafin tsarin ya maimaita kansa, don haka muryar da ke kaɗawa sau 600 a sakan ta haifi wata mai 300 a ƙarƙashinta. Ka ƙara turawa, sai a kai inda babu zagayen da ke maimaita wani. Wannan shi masana lissafi ke kira hargitsi mai doka. Dokar da ke tafiyar da leɓɓan ba ta canja ba ko kaɗan, sai dai ɗan bambancin da ke cikin wannan zagaye yana girma a na gaba, na gaba ya ƙara girmama shi, har ka kasa hasashen mai zuwa.

A 1998 Michale Fee da abokan aikinsa suka buga aikin da ya tayar da wannan magana a mujallar Nature. Sun ciro sirinkis ɗin zebura finci, ɗan tsuntsun nan na Ostireliya mai jan baki da masu bincike suka fi kiwo, suka ratsa iska ta cikinsa. Babu ƙwaƙwalwa, babu umarnin jijiya. Suna ƙara iskar a hankali, sautin yana tsalle daga mai tsari zuwa mai ninki (wato mai babba, ƙarami ɗin nan) zuwa dagulalle. Nama ne kawai da iska.

Nura: To ta yaya za a bambanta naka hargitsin da tawa iskar? A kunne ai duk hayaniya ce.

Sadiq Studiyo: Wannan fagena ne, bari in sa baki. Kunne zai iya ruɗuwa, hoton sauti ba ya ruɗuwa da sauƙi. Buɗe rikodin ɗin a manhajar nazarin sauti irin Audacity ko Raven, ka juya shi zuwa hoto. Busa mai tsabta layi ɗaya ne siriri. Murya mai kauri layuka ne a jere, wani saman wani, tazararsu ɗaya. "Shhh" ɗinka kuwa toka-toka ne shimfiɗe daga sama har ƙasa, ba layi ko ɗaya. Wanda Malam ke magana daban yake. Za ka ga layuka suna tafiya lafiya, sai wasu sababbi su ɓullo daidai tsakiyar na da, sannan komai ya dusashe. Amma in ka ƙura ido cikin dusashewar za ka ga burbushin layukan nan suna nan. Kuma shigarsa ba a hankali ba ce, cikin 'yan milisakan ne, fitarsa ma haka.

Sai dai gargaɗi ɗaya, don na sha ganin an yi murnar banza. In makirfon ya yi kusa, sautin ya fi ƙarfinsa, yanke kan igiyar sautin yake, hoton ya cika da layukan ƙarya. Amsa-kuwar ɗaki ma tana shafe hoto. Kafin ka ce tsuntsu ya yi hargitsi, tabbatar ba na'urarka ce ta yi ba.

Malam Habibu: Madalla, Sadiq. Kuma Nura, ban ce iskarka ba ta yin komai ba. Iska mai tserewa tana ƙara ɗan huci, amma mai rauni ne. Kaushin da kake jiyowa daga nesa da ƙarfinsa, leɓɓa ne ke bugawa.

Sadiq Studiyo: Amma Malam, ni ina da nawa bayanin da ya fi sauƙi, kuma daga maganar Dakta na ɗauko shi. Tunda bakin murya biyu ne, a ce hagu na kaɗawa sau 3000 a sakan, dama na yin 3100. Haɗa su a mahaɗin sauti ka ji: ƙarfin zai riƙa hawa da sauka sau 100 a sakan, kunne kuma ba ya iya ƙirga wannan, kaushi kawai zai ji. Kullum muna fama da shi in kayan kiɗa biyu ba su daidaita ba. Me ya kai mu hargitsi?

Dakta Rabi: Muryoyi biyun gaskiya ne. Crawford Greenewalt ya yi wannan hujja daga hotunan sauti tun 1968. Roderick Suthers na Jami'ar Indiyana ya tabbatar da ita a 1990, da ya dasa ƙananan na'urorin auna iska a kowane reshe, tsuntsun yana raye yana waƙa. Aka ga yana rufe gefe ɗaya ya yi da ɗayan, ko ya yi da duka biyun. Jan tsuntsun Amurka da ake kira kadinal ma in zai ja murya daga sama zuwa ƙasa, dama ce ke farawa, in an sauko wajen kaɗawa 3500 a sakan hagu ta karɓa, ba ka jin inda aka yi musayar.

Malam Habibu: Sadiq, naka lissafin na tashoshi biyu ne da ba sa taɓa juna, mahaɗinka ne kawai ke tara su. Waɗannan kuwa guringuntsi ɗaya suka jingina da shi, bututu ɗaya suke hurawa. Bugun hagu yana sauya matsin da dama ke ji. Stephen Nowicki da Robert Capranica sun nuna haka a 1986 a kan cikadi, ɗan tsuntsun Arewacin Amurka mai baƙin kai, a sautinsa na "dii-dii" mai kaushi. Layukan da ke hoton ba na hagu ba ne kaɗai, ba na dama ba ne kaɗai. Jimlar biyun ce da bambancinsu, iri-iri. Tarawa kawai ba ta haifar da sabon layi. Sai in ɗaya yana murɗa ɗaya.

Nura: Kishiyoyi ne ke nan a ɗaki ɗaya.

Hajiya Binta (mai kula da zaure): Nura, a bar mu a kan tsuntsaye don Allah.

Dakta Rabi: Akwai kuma abin da ya karya "kaushi sai da gefe biyu". Sue Anne Zollinger da Tobias Riede da Suthers, a 2008, sun auna iskar rassan biyu a tsuntsun Amurka mai kwaikwayon waƙar wasu, mokinbad. Suka samu lokutan da gefe ɗaya a rufe yake ruf, amma sautuka biyu marasa alaƙa da juna suna fita, har da ninki da dagulewa. Gefe ɗaya ma leɓɓa biyu gare shi, ba kuma dole su kaɗa tare ba. Leɓe ɗaya ma zai iya kaɗawa ta salo biyu a lokaci guda. Saboda haka ganin layi biyu a hoto ba ya nufin gefe biyu ne suka yi.

Ummi, hankakanki kuma. A 2007 Kenneth Jensen da su Goller da Larsen sun ɗauki bidiyo mai sauri na sirinkis ɗin hankaka. Leɓɓan a rufe suke mafi yawan lokaci, sai su ɗan buɗe tas su saki bugu ɗaya su koma, hagu ta yi, dama ta yi. Irin gurnanin nan ne da mutum ke yi a ƙasan maƙogwaro in ya sauke murya iyakar saukewa. Kowane bugu gajere ne mai kaifi, shi ya sa sautin ke cika hoto daga ƙasa har sama. Kaushi ne, amma mai tsari.

Baba Lawal: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ban yi karatunku ba, amma na daɗe ina kiwon kanari. Abin da na sani, kanari mai lafiya muryarsa wasai take. In na ji ta fara kaushi, ko ina jin "ƙis-ƙis" da dare in yana numfashi, ciwo ne. Kada ku sa yara su ga tsuntsu na ciwo su ce ai hargitsi mai doka ne.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, maganarka dutse. Wannan "ƙis-ƙis" ɗin sau da yawa wasu ƙananan ƙwari ne da ke zama cikin bututun iska da jakunkunan iska, kanari na cikin waɗanda suka fi damu. A aku kuma, in murya ta canja ko ta ɗauke kwatsam, abin da muke fara tsoro shi ne fumfuna ta yi dunƙule a kan sirinkis, wurin kuma ƙunci gare shi, tana iya toshe numfashi. Ba a kwana da wannan.

Bambancin shi ne, kaushin ciwo ko'ina yake bi, har da numfashi, ga haki, ga kaɗa jela, ga buɗe baki. Wanda muke magana a gaɓa ɗaya yake zuwa, a wuri ɗaya cikin waƙar, yau da gobe da jibi, sauran waƙar kuma garau.

Baba Lawal: To haka ne. Amma 'yan ƙanana masu koyo fa? Su ai duk waƙar tasu a dagule take. Manyan ma in sun gama zubar da gashi sai su dawo kamar 'yan koyo na ɗan lokaci.

Dakta Rabi: Wannan lafiya ce, Baba. Ɗan koyo bai iya daidaita numfashi da tsokoki ba tukuna, yana ta faɗawa wuraren da leɓɓan ke rikicewa. Zebura finci sai wajen kwana 90 waƙarsa ke tsayawa. Masu bincike ma har ma'auni gare su na yawan hayaniyar da ke cikin gaɓa, suna bin sa kullum suna ganin yadda wasu gaɓoɓin ke washewa. Kanari kuma kowace shekara yake sake gyara waƙarsa, Fernando Nottebohm ya yi shekaru a kan haka.

Wannan ya kawo ni inda nake da ja da Malam Habibu. Gwajin 1998 nama ne a wajen jiki. A 2010 Coen Elemans da Rodrigo Laje da Gabriel Mindlin da Goller suka sake duba zebura finci. Cirarren sirinkis yana yin ninkin nan sosai, gaskiya ne. Amma wanda ke cikin jiki a mazauninsa bai yi ba, kuma ba su same shi a waƙar baligin tsuntsu ba. Abin da nama zai iya yi a kan teburin gwaji daban, abin da tsuntsu ke yi da shi daban.

Malam Habibu: Dakta, na san aikin, kuma Mindlin ɗin nan na Jami'ar Buwenos Aires malamin fiziks ne, da lissafin da nake magana a kai ya yi shi. Abin da suka nuna shi ne tsuntsu ɗaya yana kauce wa rami ɗaya. Kauce wa rami ai shaida ce ramin yana nan. Mokinbad ɗin da kika kawo da kanki a raye yake, yana waƙarsa, kuma ya faɗa. Ni abin da nake cewa bai wuce wannan ba: in sautin ya dagule, ba sai ƙwaƙwalwa ta tsara kowane bugu ba. Ta kai matsi da tauri wani wuri ne kawai, nama ya ƙarasa.

Dakta Rabi: A wasu gaɓoɓin, na yarda. Amma kada a raina ƙwaƙwalwar. Elemans ɗin dai a 2008 ya nuna tsokokin sirinkis na zebura finci da na wani tsuntsun Turai da ake kira sitalin suna iya tsukewa da saki har sau 250 a sakan. Tsokar ƙafarka ko kusa ba ta zuwa nan. Tsuntsu mai irin wannan tsoka zai iya buɗe hanyar iska da rufe ta da gangan, ya yayyanka busa mai tsabta gunduwa-gunduwa. Kai ka ji "kzzz" ka ce hayaniya, alhali kowane gutsure da umarni aka yi shi.

Sadiq Studiyo: Wannan na gani da idona. Rage saurin rikodin sau takwas, wani "kzzz" ɗin sai ya warware ya zama "tiu-tiu-tiu" a jere, tazara ɗaya cif. Wani kuma ko sau nawa ka rage, a dagule yake.

Ummi: Na gode ƙwarai. In na fahimta, abin da kunnena ke kira kaushi zai iya zama gefe biyu suna murɗa juna, ko gefe ɗaya ya rikice, ko bugu irin na hankaka, ko tsoka mai sauri. Amma me ya sa tsuntsun da ya iya busa mai tsabta zai zaɓi mai kaushi?

Malam Habibu: Saboda aikinsu ba ɗaya ba ne. Peter Marler ya lura da wannan tun 1955. In shaho ya gifta ta sama, ƙananan tsuntsaye da yawa, duk da ba danginsu ɗaya ba, kusan kuka ɗaya suke yi: "siii" siriri can sama, mai shiga a hankali ya fita a hankali. Da wuya kunne ya gane daga ina ya fito. In kuwa mujiya suka gani a zaune suna son tara jama'a su kore ta, sai su koma gajerun sautuka masu kaushi. Sautin da ya bazu daga ƙasa har sama yana ba kunnuwa biyu abin kwatantawa da yawa, nan da nan ka san inda mai shi yake. Na farko cewa yake a ɓuya, na biyu cewa yake a zo nan.

Cikadin ma haka. Christopher Templeton da abokansa sun nuna a 2005 cewa yawan "dii" ɗin yana ƙaruwa in maharin ƙarami ne mai saurin juyi, irin 'yar ƙaramar mujiya, wadda ta fi babbar zama haɗari gare shi.

Dakta Rabi: Akwai kuma batun sabo. Sautin da ke maimaita kansa kunne na iya sabawa da shi ya daina kulawa. Wanda ba ka san me zai yi a gaba ba, da wuya ka share shi. Kukan jariri in ya kai maƙura cike yake da irin wannan ninki da dagulewa, duk uwa ta san ba a iya barci a kansa. Daniel Blumstein ya gwada a 2009 da wata dabbar tsaunukan Amurka dangin kurege: ya cusa 'yar hayaniya cikin kukan gargaɗinsu, waɗanda suka ji suka fi rage kiwo suna sauraro.

Nura: Wannan dai dabba ce mai shayarwa, Dakta, ba tsuntsu ba. Kuma kuka ne na tsoro. Ummi a tsakiyar waƙa ta ce, lokacin da ba shaho ba mujiya.

Malam Habibu: Ka kama wuri mai kyau. A waƙa, abin da zan tsaya a kai shi ne koyo. Ɗan tsuntsu yana kwafar gaɓa mai kaushi daga ubansa kamar yadda yake kwafar mai tsabta, ya ajiye ta a gurbinta, ya riƙa maimaita ta. Abin da ake koya ake kuma maimaitawa a wuri ɗaya ba tuntuɓe ba ne. Ko da nama ne ke yin dagulewar, tsuntsun ne ke kai shi bakin wurin a kan lokaci, ya kuma janye shi a kan lokaci.

Dakta Rabi: Ko kuma tsokar ce ta yi duka, ba a je bakin komai ba. Sai an auna iska da tsoka a gaɓar da ake magana kafin a ba ɗayanmu gaskiya, Malam.

Baba Lawal: Ina da wani ɗan koyo yanzu haka, akwai wata gaɓa da kullum yake yi da kaushi, sauran sun fara washewa. Lafiyarsa ƙalau. In turo muku ku duba da na'urar taku?

Sadiq Studiyo: Turo, Baba, amma kada ka yi ta saƙon murya na WhatsApp. Matse sauti yake don ya yi sauƙin aikawa, kuma irin ɓangaren da muke nema ne yake fara lalatawa. A sa wani cikin yara ya ɗauka da manhajar rikodin da ke ajiye WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, a turo shi a matsayin fayil. Wayar ta yi kamar taku biyu daga kejin, a kashe fanka, a ɗauki minti biyu ko uku don gaɓar ta fito sau da yawa. In da hali a sake ɗauka bayan mako biyu, mu jera su mu gani ko ta washe ko tana nan yadda take.